Sigar Gwaji a Rumbun da Aka Ce Tabbatacce Ne: Ina Haɗarin Yake?

Duk wanda ya ɗora Arch Linux ko openSUSE Tumbleweed a laftof ɗinsa, in dai yana karanta abin da ke wucewa a allo lokacin sabuntawa, wata rana zai ci karo da lamba mai ɗaure kai. Maimakon 2.06 ko 2.12 da ya saba gani, sai ya ga abu kamar 2:2.06.r322.gd9b4638c5, ko wata siga mai rc1 ko beta2 a wutsiya, alamun da ke nuna siga ce ta gwaji da ba a kammala ba. Kuma ba daga rumbun gwaji ta zo ba, shi bai ma taɓa kunna rumbun gwaji ba. Daga core ko extra ta fito, wato manyan rumbunan manhajojin Arch, inda aka ce sai abin da ya nuna ne ke shiga. A Zariya, daga ɗaliban kimiyyar kwamfuta na ABU a Samaru zuwa na Nuhu Bamalli da masu gyaran laftof na Sabon Gari, hukuncin da ya fi saurin zuwa baki shi ne masu kula da rumbun sun yi sakaci, sun mayar da jama'a zakaran gwajin dafi. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa da gangan aka yi, kuma da dalili, sannan wutsiyar lambar ba ita ce ke nuna girman haɗarin ba.

Rikicin ya fara ne daga kalmar "tabbatacce", domin mutum biyu ne ke amfani da ita, kowa da nufinsa. Masu rubuta manhaja, wato tushenta, idan suka ce siga ta tabbata suna nufin sun gama zagayen alfa da beta da rc, sun buga mata lamba, sun sake ta. Shi kuwa gidan Linux irin wanda ake kira rolin rilis, wanda ba shi da ranar fitowa sai dai sabuntawa ba yankewa, idan ya sa ƙunshi, wato manhajar da aka haɗa don girkawa, a babban rumbunsa abin da yake cewa kawai shi ne ƙunshin ya bi ta ƙofofin gidan, kuma yana zama lafiya da sauran ƙunshe-ƙunshen da ke ciki a yau. A Arch, abin da zai shiga core sai ya kwana a core-testing masu gwaji sun sa hannu, amma ƙunshe-ƙunshe da yawa na extra kai tsaye suke shiga. Idan canjin ya shafi laburare da ɗaruruwan manhajoji suka dogara da shi, ana sake gina su a staging tukuna. A Tumbleweed na'ura ce mai tsaron ƙofa: tsarin openQA yana tayar da sabon tarin a kwamfutar kwaikwayo, ya girka, ya buɗe manhajoji, ya gwada abin da ya gani a allo da abin da ya kamata ya gani, in an wuce sai a saki tarin da kwanan watan ranar. Gentoo ya fi kowa fito da maganar fili: amd64 na nufin an tabbatar, ~amd64 na nufin ana kan gwaji, kuma al'adarsu ƙunshi ya yi kamar kwana 30 a gwaji ba tare da ƙorafi ba kafin a ɗaga shi. Babu ɗaya daga cikin ƙofofin nan da aikinta shi ne duba ko akwai "rc" a jikin lamba. Manufar Arch dai ita ce bin sabuwar sigar da tushe ya tabbatar, shi ya sa ake da rumbuna na daban irin kde-unstable da gnome-unstable don masu son ɗanɗana beta. Sigar gwaji a core ko extra keɓantaccen hukunci ne na mai kula da ƙunshin.

Me ke kai shi ga wannan hukunci? Babban dalili shi ne tushen da ya daina fitar da siga a kan kari. GRUB, manhajar da ke tayar da yawancin kwamfutocin Linux, ita ce shaida. Sigar 2.02 ta shafe fiye da shekara uku a matsayin beta kafin ta fito a 2017, kuma a tsawon lokacin hatta Debian 8 da Ubuntu 16.04, waɗanda ba rolin ba ne, 2.02~beta2 suka ba jama'a. Daga 2.06 ta watan Yunin 2021 zuwa 2.12 ta Disambar 2023 shekara biyu da rabi ne. A tsakani gyare-gyaren tsaro da na sababbin na'urori sun yi ta taruwa a ma'ajiyar git, inda masu rubuta manhaja ke ajiye kowane gyara da suka yi. Mai kula da ƙunshi yana da zaɓi biyu: ya riƙa tsinto faci ɗaya bayan ɗaya yana manna wa tsohuwar siga har ta zama tsumma, ko ya ɗauko tushen yadda yake a wata rana ya gina. Lambar can ta sama ta GRUB ce, kuma ma'anarta ke nan: 2.06 ita ce siga ta ƙarshe da aka saki a lokacin, r322 na nufin gyara 322 bayanta, abin da ya biyo bayan g kuma shi ne shaidar gyaran ƙarshe a git. Tsohuwar direban hoto ta Intel, xf86-video-intel, ta fi haka tsanani. Sigarta ta ƙarshe 2.99.917 ce tun ƙarshen 2014, wadda ita kanta share fagen 3.0 ce da ba ta taɓa zuwa ba, don haka duk gidan da ke ba da ita yau daga git yake ɗebowa. Haka Qt 5.15: da kamfanin Qt ya keɓe gyare-gyaren dogon zango ga masu biya, sai KDE ta buɗe tarin facinta a 2021, shi ne ake ganin +kde+r da lamba a jikin qt5-base na Arch. A irin waɗannan, "tabbatacciyar" sigar ita ce mai ramuka.

Dalili na biyu daga yanayin rolin kansa yake. Gida ɗaya, laburare ɗaya: idan aka ɗaga Python ko ICU ko FFmpeg, dole duk abin da ya dogara da su ya biyo. Sai a tarar wata manhaja tsohuwar sigarta ta ƙi ginuwa da sabon laburaren, gyaran kuma yana cikin rc da ba a saki ba. Ko dai a riƙe ɗaruruwan ƙunshe-ƙunshe saboda ita, ko a cire ta, ko a saki rc ɗin. GIMP 2.10 ta daɗe a wannan tsaka mai wuya, tana jingine da GTK 2 da Python 2 da aka daina kula da shi tun 1 ga Janairun 2020, shi ya sa wasu gidaje suka rungumi sigar gwaji ta GIMP 3 kafin ta fito a Maris 2025. Akwai kuma manhajar da reshen gwajinta shi ne abin da kowa ke nema, kamar Wine, mai gudanar da manhajojin Windows a Linux, wadda ke fitar da sigar ci gaba duk mako biyu amma tabbatacciya sau ɗaya a shekara, a Janairu. Ƙunshin wine na Arch reshen ci gaban yake bi.

Kuskure ma yana aukuwa, kuma yana da hanyar da ya saba bi. Ba kowace sigar gwaji ce ke ɗauke da "beta" a goshi ba. GLib da GStreamer da Perl suna bin tsarin mara da cika: GLib 2.79 gwaji ce, 2.80 tabbatacciya; Perl 5.39 gwaji, 5.40 tabbatacciya. GNOME haka take yi har zuwa 3.38, daga 40 ta koma rubuta alpha da beta da rc ƙarara. Masu kula da ƙunshi suna dogara da kayan aiki irin nvchecker da ke leƙa tushe ya sanar da su sabuwar lamba, in ba a faɗa masa ya tsallake mara ba, sai ya kawo rahoton 2.79 a matsayin sabuwa. Mutum ɗaya mai riƙe da ƙunshi ɗaruruwa, a lokacin da ya sarara daga aikinsa na neman abinci, yana iya danna ta ta wuce.

Abin da ya faru da GRUB a Arch a ƙarshen Agustan 2022 ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ake yawan kafa hujja da shi, kuma ana kafa ta a karkace. GRUB kashi biyu ne. Akwai manhajar kanta da grub-install ke dasawa a ɓangaren EFI na faifai, akwai kuma fayil ɗin grub.cfg da grub-mkconfig ke rubutawa. Sabunta ƙunshi da pacman, manhajar girke-girke da sabuntawa ta Arch, ba ya taɓa wadda aka dasa. Sabuwar sigar ta ƙara wa umarnin fwsetup wani zaɓi, --is-supported, don a tambayi na'ura ko tana iya shiga saitin BIOS kafin a nuna wannan layin a menu. Wanda aka sake rubuta masa grub.cfg amma ba a sake dasa masa GRUB ba, tsohuwar manhajar sai ta karanta layin, ba ta san sabon zaɓin ba, ta ɗauka an ce ta shiga saitin BIOS, ta shiga. A kunna, BIOS. A fita, BIOS. Masu EndeavourOS, wanda aka gina a kan Arch, sun fi jin jiki, saboda tsarinsu yana sake rubuta grub.cfg da kansa. Maganin shi ne tayar da kwamfutar daga filashi, a haɗa ɓangaren faifai na root, inda tsarin yake, a /mnt da ɓangaren EFI a inda yake zama, a shiga da arch-chroot /mnt, a yi grub-install --target=x86_64-efi --efi-directory=/boot --bootloader-id=GRUB (a canza /boot idan a /boot/efi ko /efi ɓangaren yake), sannan grub-mkconfig -o /boot/grub/grub.cfg. To amma a lura: canjin ba kuskuren gwaji ba ne da aka janye, yana nan cikin 2.12 da ta fito a hukumance. Rashin jituwar tsohuwar manhaja da sabon fayil ne ya kayar da mutane. Laifin da za a iya ɗora wa ɗaukowa daga git shi ne ya zo ba sanarwa, ba takardar bayanin siga da za ta ja kunne, sai bayan ɓarna ta auku sanarwar Arch ta fito.

A gefe guda kuma ga xz, manhajar matse fayiloli. Ƙofar baya, wato ɓoyayyar hanyar kutse, da Andres Freund ya bankaɗo ranar 29 ga Maris 2024 tana cikin 5.6.0 da 5.6.1, sigogi masu tsabtar lamba, ba rc ba beta, masu sa hannun wanda ke riƙe da aikin. Sun shiga Tumbleweed da Debian sid da Fedora Rawhide da Kali. Arch ma ya ɗauke su, sai dai sshd ɗinsa, manhajar shiga kwamfuta daga nesa da ƙofar ta nufa, ba a ɗaure yake da liblzma, laburaren xz, ba. Waɗanda suka tsira kwata-kwata jinkiri ne ya cece su, ba karatun lamba ba.

Akwai wata ɓarnar ta daban da sigar gwaji ke jawowa wadda ba ta da alaƙa da ingancin manhajar: lissafin wace lamba ce ta fi wata. Ga mutum, 1.0rc1 tana gaban 1.0 a zuwa, don haka ta fi tsufa. Na'ura sai an koya mata. Debian da RPM suna amfani da alamar ~, wadda ke sa 1.0~rc1 ta zama ƙasa da 1.0. Gentoo yana da jeri: _alpha, _beta, _pre, _rc, sannan siga tsura, sannan _p. Shi pacman ba ya karɓar karan ɗori a lambar siga, kuma dokarsa ita ce 1.0rc ƙasa take da 1.0, amma 1.0.a sama take da 1.0. Ɗigo ɗaya ke nan ya juya lissafi. Mai haɗa ƙunshi a AUR, rumbun da masu amfani da Arch ke zuba nasu, da ya rubuta 1.0.rc1 ya ɗaure masu amfani da shi, domin ranar da 1.0 ta gaskiya ta fito pacman zai ga ta fi tsufa, ya ƙi sabuntawa, mutum ya zauna a kan rc wata da watanni bai sani ba. Ana gwadawa da vercmp 1.0rc1 1.0, in ya ba da -1 daidai ne. A Debian kuma dpkg --compare-versions. Idan an riga an yi kuskuren, ko an janye rc ana son komawa baya, sai a ɗaga epoch, wato lambar nan ta gaban alamar ɗigo biyu, wadda ke rinjayar duk abin da ya biyo ta, kuma in ta hau ba ta sauka. Debian na da wata dabarar: lokacin xz sun mayar da tsohuwar siga da sunan 5.6.1+really5.4.5. Idan aka mayar da tsohuwa ba a yi ko ɗaya ba, pacman -Syu gargaɗi kawai zai yi cewa taka ta fi ta rumbu sabunta, ya bar ta, sai ka ce -Syuu.

To ta yaya za a auna haɗarin? Tambayar ba "rc ce ko ba rc ba" ce. A duba inda ƙunshin ke zaune. In yana kan hanyar tashin kwamfuta ne, kamar GRUB da kanel (zuciyar tsarin Linux) da systemd da mkinitcpio da direban hoto, tangarɗarsa tana hana ka isa inda za ka gyara ta. In laburare ne, pactree -r zai nuna maka yawan waɗanda ke rataye a jikinsa. Mafi muni kuma, wanda aka fi mantawa, shi ne manhajar da ke canza fasalin bayananka. Ƙunshi yana komawa baya, bayanai ba sa komawa. PostgreSQL, manhajar ma'ajiyar bayanai, tana iya canza tsarin ma'ajiyarta tsakanin beta da beta, ta yadda sai an yi pg_upgrade ko an juye an sake lodawa. Firefox tun siga ta 67 ba ta yarda tsohuwar siga ta buɗe furofayil ɗin da sabuwa ta taɓa. Mai bizines santa a kusa da kasuwar Samaru da ke ajiye lissafin kwastomomi a ma'ajiyar bayanai, ko ɗalibar da ke tsakiyar furojet, wannan ne ya kamata ya hana su barci. Sigar gwaji ta manhajar kallon hoto kuwa, in ta fashe a rufe a buɗe wata.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a nan inda wuta ke tafiya ba sallama, data kuma da kuɗi ake saye, shirin ya ɗan bambanta da na mai intanet ba iyaka. Kafin sabuntawa, checkupdates daga ƙunshin pacman-contrib yana jero abin da zai canza da tsohuwar lamba da sabuwa, ba tare da ya taɓa bayanan pacman ba. Da checkupdates -d kuma ana sauke ƙunshe-ƙunshen cikin dare da datar dare a ajiye, a girka da safe. Wannan ya fi pacman -Syuw aminci, domin shi yana sabunta jerin rumbu ya bar tsarin a baya, in ka girka wani abu a tsakani ka faɗa rabin sabuntawa. Don ganin sigogin gwajin da ke kwamfutarka yanzu: pacman -Q | grep -Ei 'alpha|beta|rc[0-9]|\.r[0-9]+|\+r[0-9]+'. Zai kamo wasu da ba ruwansu, ba zai kamo na mara da cika ba, amma yawancin mutane za su yi mamakin abin da suka daɗe suna amfani da shi lafiya lau. Wanda ya ba ka shakka, shafin Repology yana nuna sigar da kowane gida ke ɗauke da ita, ma'ajiyar ƙunshin a gitlab.archlinux.org kuma tana nuna abin da mai kula ya rubuta ranar da ya yi canjin. Sau da yawa dalilin yana nan a layi ɗaya.

Kada a girka babbar sabuntawa a laftof mai mataccen batir ana dogaro da wutar layi. Idan wuta ta ɗauke bayan an cire tsohon kanel kafin a gama gina initramfs, fayil ɗin da kanel ke buƙata wajen tashi, kwamfutar ba za ta tashi ba, ko da duk sigogin tabbatattu ne, kuma za a bar /var/lib/pacman/db.lck da sai an goge shi pacman zai sake aiki. A ajiye linux-lts a gefe a matsayin kanel na biyu, a ajiye filashi mai Arch a aljihun jaka.

Hanyar komawa mafi arha tana /var/cache/pacman/pkg. Masu ƙaramin SSD suna son share shi da pacman -Scc, wanda yake daidai da ƙona gadar da ka haye. Umarnin paccache -r yana barin sigogi 3 na ƙarshe na kowane ƙunshi, -rk2 yana barin 2. In abu ya lalace, /var/log/pacman.log zai faɗi abin da aka canza da lokacin, sai pacman -U da tsohon fayil ɗin. In babu shi, yana archive.archlinux.org, inda har za a iya mayar da tsarin gaba ɗaya zuwa wata rana ta hanyar nuna wa mirrorlist adireshin repos/shekara/wata/rana sannan pacman -Syyuu, sai dai wannan yana cin data sosai. Inda ake da kwamfutoci da yawa, kamar ɗakin gwaji na sashe, gara ɗaya ta fara sabuntawa ta kwana biyu, sauran su ɗebi ƙunshe-ƙunshen daga ma'ajiyarta ta waya.

Daga nan sai tarkon IgnorePkg. Rubuta sunan ƙunshi a wannan layi na /etc/pacman.conf yana hana shi motsi, kuma yana da amfani na 'yan kwanaki ga manhajar da ba wanda ya dogara da ita. Amma sauran gidan yana ci gaba da tafiya. Ranar da ICU ta tashi daga 74 zuwa 75, manhajar da ka riƙe za ta nemi libicuuc.so.74 ta rasa, ta ƙi buɗewa. In kuma laburaren ne ka riƙe, to sababbin manhajoji ne za su faɗi, wataƙila har da pacman kansa. Kwafo tsohon fayil ko ƙirƙirar mahaɗi mai sunan tsohon yana iya sa abu ya buɗe, amma zai riƙa fashewa a wuraren da ba za ka gane dalili ba. Jinkirin Manjaro, mai riƙe kayan Arch na ɗan lokaci kafin su kai reshensa na tabbatacce, yana tace wasu matsalolin, sai dai yana haifar da irin wannan saɓanin da AUR, wadda ke zaton kana kan Arch na yau.

Masu Tumbleweed sun fi samun sauƙi. Da tsarin faifai na Btrfs da manhajar Snapper, umarnin sabuntawa zypper dup yana ɗaukar hoton tsarin, wato kwafin yadda yake, kafin da bayan sabuntawa, in abu ya lalace a zaɓi tsohon hoton daga menu na tashi, a shiga, a yi snapper rollback, a sake kunnawa. Amma /home ba ya cikin hoton, don haka furofayil ɗin da sabuwar siga ta riga ta canza yana nan yadda ta bar shi. Kafin buɗe sigar gwaji ta kowace manhaja mai riƙe da aikinka, a kwafe babban fayil ɗinta daga ~/.config ko ~/.local/share zuwa wani wuri, ma'ajiyar PostgreSQL kuma a juye ta da pg_dumpall tun tsohuwar siga tana kan aiki, domin bayan an sabunta sabuwar ba lallai ta yarda ta buɗe tsohuwar ma'ajiyar ba.